Shekarar da Abba Ya Ɗaura Kilti

Ku ƙananan ba ku san wannan shekara ba sai a bakin mutane, mutane kuwa sun rage wasu abubuwa sun ƙara wasu. Na san an gaya muku cewa yayanku Abba ne ya ja aka raba ni da karantar da yara a masallaci, wai ya fita titi da siket kamar mace ya zubar mini da mutunci. Ba haka aka yi ba. Tufar da ya ɗaura mahaifiyarku ce ta ɗinka ta a kan kekenta, fil ɗin azurfar da ke jikinta kuma ni na ƙera shi, ni na durƙusa na maƙala masa da hannuna. Karatun yaran ma ba ƙwace shi aka yi ba, ni na ajiye. Bari in ba ku labarin yadda ya faru, tun ina da sauran tunawa.

A Damagaram aka haife ni, a gidan maƙeran farfaru, wato masu aikin azurfa da tagulla. Mahaifina zobba yake yi da warwaro da adon takobi, kuma tun ban kai tsawon uwar maƙera ba nake zuga masa wuta. Da na ƙetaro teku na zo nan Greensboro babu wanda ya tambaye ni sana'ar gidanmu, ni ma ban ga amfanin faɗa ba, domin a nan kowa abin da ya samu yake yi. Alhaji Laminu, mutumin Maraɗi mai kantin kayan abinci a High Point Road, wadda yanzu kuke kira Gate City Boulevard, shi ya tarbe ni. A falonsa na kwana har na samu ɗaki. Shi ya kai ni masana'antar kujeru da gadaje aka ɗauke ni aiki, kuma shi ya ji karatuna wata rana ya ce daga yau yaran Asabar naka ne. Duk abin da zan faɗa a kansa nan gaba, ku riƙe wannan tukuna.

Abba kuwa na baro shi a gida bai iya tafiya sosai ba. Kafin takardu su fito su iso shi da mahaifiyarku, ya riga ya zama yaro mai wayo wanda bai san ni ba sai a foto. Ya shiga lakwal, wato makaranta, a nan, Turanci ya cinye bakinsa, ni kuma ina fita da asuba in dawo a gajiye. Haka muka zauna gida ɗaya kamar baƙin da mota ta haɗa. A shekarar da nake ba ku labari ya haura ashirin, ya shiga kwaleji ya fito bai gama ba, yana wankin motoci rabin yini, sauran rabin yana ɗaki ƙofa a rufe. Duk abin da na tambaye shi amsa ɗaya ce, “I'm good.” Na yi faɗa, na yi nasiha, na sa an yi masa addu'a. Ba ya rashin kunya, ba ya shaye-shaye, kawai dai ba ya nan. Mahaifiyarku, da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce, “Malam, yaron nan fa jikinsa ne kaɗai a gidan nan.”

A farkon wannan shekara aka rufe masana'antarmu, kamar yadda aka yi ta rufe irinta a lokacin. A cikin waɗanda aka sallame mu tare akwai wani Bature mai suna Glen, ƙato mai jan gemu, wanda muka daɗe muna ɗaura ƙarafunan ado a jikin durowa a benci ɗaya. Da bazara ta shigo ya gayyaci tsofaffin abokan aiki gidansa a Pleasant Garden, ya ce mini kifi zai soya saboda ni. Na isa na tarar da shi tsaye a bakin wuta a bayan gida, sanye da wani abu da ya tsaya masa a gwiwa, mai ninki-ninki a baya, gabansa a shimfiɗe, ɓangare ɗaya ya hau kan ɗaya kamar ɗaurin zane. Na sunkuyar da kai don kunya. Shi kuwa ya fashe da dariya ya ce wannan kilti ne, tufar kakanninsa maza da suka zo daga ƙasar Sikotlan. Na asalin, in ji shi, na ulu ne mai nauyi mai zane-zane, sai ranar biki. Wannan na zamani ne, na yadi mai kauri irin na tanti, da aljihuna a gefe, da shi yake yankan ciyawa, da shi yake zuwa kanti.

Muna cikin cin kifi iska ta taso ta ɗaga gaban tufar, ya kai hannu da sauri ya danne. Sai ya nuna mini wani fil mai siffar takobi a kusurwar ƙasa ta dama, ya karye a wuya yana lilo. Ya ce aikinsa biyu ne, ado da kuma nauyi, don kada iska ta yi abin da ta yi yanzu. Na karɓa na juya shi a tafin hannuna. Ƙarfen banza ne aka zuba aka shafa masa ruwan azurfa. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Zan yi maka wanda ya fi wannan” ba.

Na yi shekaru ban riƙe magagari ba. Na share garejin gidan da muke haya, na samo guntun ƙarfen layin dogo ya zama uwar maƙera, na sayi ƙaramar wutar gas maimakon gawayi da zuga-zugi. Azurfa ce ta gagare ni samu, aka ce sai ta kwamfuta ake odarta. Dole na ƙwanƙwasa ƙofar Abba. Ya yi mini odar bai tambayi dalili ba. Amma ranar da na narka ta, na ɗaga kai na gan shi a bakin gareji, hannuwa a aljihu, yana kallon yadda take taruwa tana sheƙi a cikin kasko. Na ci gaba da aikina kamar ban gan shi ba, don kada ya gudu. Kashegari ya sake zuwa. Ana nan sai ya nuna abin da ke hannuna ya tambaye ni da Turanci yadda ake kiransa.

“Awartaki,” na ce.

“Awar... taki.”

“Riƙe mini shi nan. Kada ka matse, azurfa ba ta son ƙarfi.”

Ya riƙe. Ni ban san sunayen kayan nan da Turanci ba, saboda haka duk wanda zai zauna da ni a gareji sai ya ji Hausa. Haka Hausar Abba ta fara dawowa, daga awartaki da guduma da magagari, kafin ta kai ga ina kwana.

Fil na farko da siffar takobinmu na yi shi, mai faɗi, miƙaƙƙe. Ya yi kyau amma ya yi nauyi, har yana jan yadin yana karkata shi, kuma da Glen ya bar ni in maƙala sai na soke shi ya haɗa shafi biyu na tufar. Ya ce a'a, a shafin sama kaɗai ake sa shi, in ka haɗe biyun mutum ba zai yi taku mai faɗi ba sai yadin ya yage. Na koma na rage kauri, na faɗaɗa bayan don nauyin ya bazu, na yi wa allurar makulli mai kyau. Na biyu na yi masa dagi, wannan ƙullin da kuke gani a gaban babbar riga da jikin tsofaffin gine-ginenmu. Glen ya daɗe yana kallonsa, ya ce kakanninsa ma suna da irin wannan ƙulli mara farko mara ƙarshe, ina na samo shi? Na ce a bangon gidan kakata. Daga nan abokansa suka fara kira. Wani likitan haƙori daga Sedgefield da ke buga golf da kilti ya ce a yi masa mai ɗan ƙaramin dutse. Wani mai gyaran babura ya ce nasa na tagulla yake so, wanda zai yi duhu da tsufa. Abba ne ke amsa waya, shi ke zana abin da suke so a takarda, kuma ba a jima ba na gane idonsa ya fi nawa ganin siffa.

Da zafi ya tsaya Glen ya ce akwai taron da masu wannan al'ada suke yi a kan duwatsu, yamma da mu, ana kiɗa ana wasanni ana kasa kaya. Ya ce mu je mu kasa namu. Ya ƙara da cewa fil a kan tebur ba ya sayuwa kamar fil a jikin tufa, ya kamata ɗayanmu ya ɗaura. Na yi dariya na ce ni dai da jallabiyata za a gan ni. A hanyar gida, da muka kusa isowa, Abba ya ce, da Hausa:

“Baba, in ɗaura?”

 Na kwana biyu ina juya abin. Na san yadda mutanenmu ke kallon namijin da ya yi shigar mata, kuma na san haramcin. Amma na tambayi kaina, wannan tufar mata ce? Ban taɓa ganin mace da ita ba, duk wanda na gani da ita ƙato ne mai gemu. Mahaifina da walkin fata ya ƙare rayuwarsa a maƙera. Tsofaffinmu da zane suke fitowa alwalar asuba. A masallacinmu na nan ’yan Somaliya da ’yan Yaman da zane suke shiga sahu, kuma babu wanda ya taɓa tayar da su. Abin da ya rage shi ne gwiwa, domin na su Glen a tsakiyar gwiwa yake tsayawa. Wannan kuwa mai keke na iya gyarawa. Na tarar da mahaifiyarku tana yanka kuɓewa na faɗa mata.

“Malam, kai da bakinka kake cewa in ɗinka wa yaron nan siket?”

“Ba siket ba ne, Rabi. Tufar mazansu ce.”

“Mazansu. Mu namu mazan wando na san su da shi.”

“A Makka wando kika ga na sa?”

“Kada ka haɗa mini harami da wannan abin.” Ta ci gaba da yanka, wuƙar tana buga faranti. Can ta ce, ba ta dube ni ba, “Shi ya ce yana so?”

“Shi ya tambaya. Da Hausa.”

Ta ajiye wuƙar. Ta ce za ta ɗinka, amma baƙi, kuma sai ya sauka ƙasa da gwiwa sosai, kuma da gajeren wando a ciki, in ba haka ba kowa ya nemi telansa. Ta karɓi tsohon na Glen ta juya shi ciki da waje tana tsaki tana ƙirga ninkin da yatsa. Amma na lura ba ta taɓa ɓata lokaci a kan ɗinki kamar wannan ba. Har farkewa ta yi ta sake saboda ninki ɗaya ya karkace.

Ranar taron, a bayan motar Glen Abba ya ɗaura, ya fito yana jan bakin rigarsa. Na zaɓi fil mai dagi wanda shi da kansa ya goge, na durƙusa a kan ciyawa na soke shi a kusurwar dama, a shafin sama kaɗai, na ja na ga ya kama. Da na ɗago muka haɗa ido, ya yi murmushi irin wanda rabona da gani tun a foto. Wurin cike yake da mutane, ga wata algaitarsu mai jakar iska tana ta kuka ta ko'ina, ga ƙatti suna jifa da gungumen itace. Babu baƙar fata da yawa, kuma na ga wasu suna kallonmu suna wucewa. Wani tsoho mai kilti na ulu ya tsaya ya ce irin na zamanin nan ba ya buƙatar fil, wasan yara ne. Abba ya ce masa iskar duwatsun nan ba ta san na zamani da na dā ba. Tsohon ya yi dariya ya sunkuya ya duba, ya tambayi ma'anar ƙullin. Ina zaune a bayan tebur na ji ɗana yana gaya wa Bature cewa ubansa maƙeri ne, kakansa maƙeri ne, a wani gari da ake kira Damagaram, kuma shi ma yana koyo. Ya faɗi sunan garin daidai, bai tauna shi ba. Na tashi na zaga bayan rumfa kamar zan ɗauko wani abu.

A hanyar dawowa muka tsaya shan mai a High Point Road, rana ba ta faɗi ba. Abba ya fita ya zuba man bai canza kaya ba, ni ma ban tuna in ce ya canza ba. Wani ɗan garinmu mai tasi yana famfon da ke kusa. Ya gaishe ni da fara'a, ashe ya ɗauki foto da wayarsa. Kafin Juma'a babu gidan ɗan Nijar da ba a gani ba.

Alhaji Laminu bai yi mini magana a masallaci ba, ya aiko in same shi a kanti. Ya shigar da ni ɗakin baya inda buhunan shinkafa da gero suke, ya ja mini kujera, ya zuba mini shayi da hannunsa.

“Malam Habu, na ga abin da ban so gani ba.”

Na yi masa bayani duka, har da walki da ’yan Somaliya da tsawon da Rabi ta ƙara. Ya saurara bai katse ni ba.

“Duk na ji,” ya ce. “Ban ce ka kafirta ba, ban ce yaron ɗan daudu ne ba, ko da yake wasu sun faɗa. Amma ka dubi inda muke. Yaranmu a nan kullum ana gaya masu babu bambanci tsakanin namiji da mace, kowa ya yi abin da ransa ke so. Mu iyaye abin da ya rage mana ɗan kaɗan ne. Ɗan shekara bakwai da ya ga foton nan ba zai ce tufar Sikotlan ba ce. Zai ce ɗan Malam ya sa siket kuma Malam na tsaye yana kallo. Gobe in nasa uban ya hana shi wani abu, da me zai kafa hujja?”

Gaskiya har yau ban ce maganarsa banza ce ba. Ya ga yaran da suka ɓace wa iyayensu a garin nan, ya raka wasu iyayen kotu. Tsoro ne ke magana a bakinsa, kuma tsoron ba na ƙarya ba ne. Ya ce abin da iyaye ke so mai sauƙi ne. Ranar Asabar Abba ya zo ya tsaya gabansu ya ce kuskure ya yi, ni kuma in bar ƙera wa masu siket ado. Ya riga ya yi mini magana da wani mai motocin kai kaya, aiki na jirana. In aka yi haka magana ta mutu.

Na dawo gida da la'asar na ji ƙarar magagari daga gareji. Abba na zaune a kan benci da wandonsa, yana gyara bakin wani fil. Labari ya riga ni isowa. Bai ɗago ba ya ce:

“Baba, in kana so in je in ba su haƙuri, zan je. Ba komai.”

Wannan “ba komai” ita ta yanke mini shawara. Na ji ta da irin muryar da yake cewa “I'm good,” muryar wanda ya fara janye jikinsa zuwa ɗaki. Na ga abin da zai biyo baya sarai. Zai je ya tsaya gaban mutane ya ce ya yi kuskure, don ni. Zai koyi cewa abu ɗaya tak da muka taɓa yi tare abin kunya ne, kuma ubansa da ya durƙusa ya maƙala masa fil ya bar shi ya ɗauki laifin shi kaɗai. Yaran Asabar suna da wasu malamai a garin. Shi ba shi da wani uban.

“Ba inda za ka,” na ce. “Ka ci gefen nan da yawa, juya shi.”

Ranar Asabar na je ni kaɗai. Na karantar da yara kamar kullum, da iyaye suka zo ɗaukarsu na roƙi su tsaya. Na ce foton da suka gani gaskiya ne, da izinina aka yi, ni na maƙala fil ɗin, kuma ban ga haram a ciki ba, in wani malami ya nuna mini zan saurara. Na ce amma ’ya'yansu nasu ne, ba zan zauna gaban yaro ba alhali ubansa na shakkata. Na miƙa wa Alhaji makullin kabad ɗin littattafai. Ya karɓa, idonsa ya yi ja. Wata ƙaramar yarinya da ta kusa haɗa izu ɗaya ta riƙe mini riga tana tambaya ko sati mai zuwa zan ji mata haddarta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, har yanzu.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Mahaifiyarku ce ta fi kowa biya. Matan da ke kawo mata ɗinkin salla suka ɗauke ƙafa. Aka yi suna a gidajen da ita ta yi masu girkin biki, ba a gaya mata ba. Ta yi kuka, ta yi fushi da ni har kaka ta wuce, tana ajiye mini abinci ba magana. Wata rana na ce mata ko ta yi nadamar ɗinkin, ta ce, “Ɗinkin ba shi da laifi. Kai ne ba ka iya lallashin mutane ba, da ka bi su gida-gida da ba a kai haka ba.” Wataƙila tana da gaskiya. Ni kuma ban daina zuwa masallaci ba, sai dai na koma sahun baya, muna gaisawa da Alhaji kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a tasha. Duk Asabar da safe sai in rasa inda zan sa kaina. Kuma ba zan ce muku komai na Abba ya tafi yadda na so ba. Bai koma kwaleji ba, ya daɗe bai yi aure ba, kuma akwai abubuwan da har yau muke saɓani a kansu. Amma muna saɓanin ne baki da baki, a benci ɗaya.

Bayan wasu shekaru Alhaji ya kwanta ciwo, jikinsa ya kumbura. Wata safiya uwargidansa ta kira mahaifiyarku a waya, karo na farko tun wancan lokaci. Ta ce zoben azurfar da ya gada daga mahaifinsa ya nutse a yatsa, yatsan ya fara baƙi. A asibiti sun ce za su datse zoben, ya ƙi, ya ce ba zai bari a ɓata shi ba, a kira maƙeri. A lokacin hannuna ya fara rawa, aikin da ke kusa da fata ya fi ƙarfina. Na ce wa Abba ya ɗauko ƙaramin zarto da man shafawa mu tafi.

Mun same shi a kishingiɗe a falon nan da na taɓa kwana, ya rame a fuska. Muka gaisa. Abba ya durƙusa ya gaishe shi da Hausa, ya ɗora hannun a kan matashi, ya zura siririn ƙarfe tsakanin zoben da fata, ya fara yanka ta baya inda ba zai taɓa zanen ba. A hankali yake yi, yana tsayawa yana ɗiga ruwa don kada ya yi zafi. Alhaji bai kalli yatsansa ba, fuskar Abba yake kallo.

“Kai ne mai siket ɗin.”

“Ni ne, Alhaji.”

“Yau ina ka baro shi?”

“Yana gida. Na ga wurinka zan zo.”

Alhaji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Hajiya ta kawo ruwa. Da zoben ya buɗe Abba ya zare shi, ya riƙe yatsan yana murzawa har jini ya dawo. Alhaji ya karɓi zoben ya duba wurin yankan, ya juya shi, sannan ya miƙa wa Abba, ba ni ba.

“Ka ƙara masa faɗi ka dawo mini da shi. Zobe na ce. Kada in ji an yi fil da shi.”

“To, Alhaji.”

Alhaji bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ce na yi ba. Ba a mayar mini da yaran Asabar ba, ban kuma nema ba. Abba ya ƙara azurfa ya haɗa zoben yadda ba za ka ga wurin haɗin ba, ya kai masa da kansa, kuma Hajiya ta ce sun fi awa suna hira. Ban san abin da suka tattauna ba, domin ko ɗayansu bai gaya mini ba. Zoben na hannun Alhaji har ranar da Allah ya karɓi abinsa, kuma da aka zo wanka, babban ɗansa ya leƙo waje ya ce Alhaji ya bar wasiyya a kan wanda zai zare shi. Mutane suka juyo suna dubana, har na fara miƙewa. Sai ya ce a'a, Abba aka ce.